Taken Jibo da Na Sayar a Kasuwar Isa

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗansa, ina roƙon Allah ya sa ka tashi lafiya a wannan safiya ta tafiyarka, ya kai ka Ikko lafiya, ya tsare ka da hatsarin hanya, da direba mai gaggawa, da mugun aboki, da ruwan da cikinka bai saba da shi ba. Na ba innarka takardar nan na ce ta miƙa maka kafin ka ɗaura kaya. Na san idan na tsaya faɗa maka da baki, kai za ka sunkuyar da kai kana zanen ƙasa da yatsa, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, mu tashi ba wanda ya ji wani. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Ba labarin gida za ni ba ka ba, ka san shi. Damina ta biyu ke nan gero yana ƙonewa tun bai kai gwiwa ba. Ban hana ka tafiya ba, ba kuma za ni hana ka ba. Namiji mai hannu biyu ba ya zama yana kallon uwarsa tana jiƙa anza kwana da kwanaki don ta cire mata ɗaci a samu na sawa a baki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana ɗaya ce da ka faɗa shekaranjiya, da na ce ka tafi da ƙaramar ganga. Ka ce, "Baba, wa za ni yi ma kiɗi can? Ganga ba ta cika ma kowa ciki yanzu." Ka ga na yi shiru, wataƙila ka ɗauka ka kayar da ni ne. Shirun da na yi na mutumin da ya ji maganarsa a bakin ɗansa ne. Ni na fara faɗar ta, kuma yau za ni gaya maka abin da ta jawo.

Ka san aikin gidanmu, amma bari in faɗa maka shi yadda yake, don na lura kana ɗaukarsa kamar sana'ar ɗinkin hula, in da ciniki a yi, in babu a ajiye. Mu makaɗan noma ne. Idan mutum ya kira gayya, maza suka jera a bakin gonarsa da hauyoyi, mu ke bin bayansu da ganga. Kowane magidanci a Kurawa yana da takensa, kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda ko yana bayan gari ya ji zai san da shi ake. Ba a buga wa mutum takensa sai yana wurin. Idan ya mutu babban ɗansa ya gada, kamar yadda yake gadon gona. Ba a rubuce yake ba. Mai taken ma ba zai iya buga shi ba, ya dai san shi idan ya ji. Ajiyar mutane ce aka bar wa gidanmu tun kakanni, kuma ba mu da inda muke sa ta sai hannu.

Kuskurena na farko raini ne. Kakanka, Allah ya ji ƙansa, duk ranar da babu gayya, da hantsi yakan rataya ganga ya tafi gindin gawon nan na gabas da gari ya yi bita. Ya fara daga gidan farko na gabas, ya bi garin gida-gida har ya fita ta yamma, take bayan take, ba kirari, ba tsayawa. Mutanen gari sun san bita, ba mai jin nasa a cikinta ya ce kiransa ake. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Hannuna ya fi nasa sauri, ana nuna ni a kasuwar Sabon Birni, da kaka dammunan da ake kawo mana har rumbu ya kasa. Wata rana na same shi a gindin gawon, ba kowa sai awaki suna jiran abin da zai faɗo, na ce, "Baba, wa kaka yi ma kiɗi nan? Awaki za su ba ka dame?" Bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Hannu nika ba abinci. Kai naka ya ƙoshi, tahi." Na tafi ina dariya, har na kai wa abokaina labari. Da ya rasu na ci gaba da bitar kamar wata biyu don idon mutane, daga nan na bari, na ce gayya kaɗai ta ishe ni.

To, idan ka ga tsoho yana yin abin da ba ka ga amfaninsa ba, ka zauna ka tambaye shi da ladabi, in bai amsa ba ka sake. Ni sau ɗaya na tambaya, shi ma da baƙar magana, don haka amsar da na samu gajeruwa ce, sai da na shekara goma sha wani abu kafin in fahimce ta.

Sai farin farko ya zo, babban nan, kana ƙarami ba za ka tuna ba. An yi shuka sau uku, sau uku tana mutuwa. Ciyawa ma ba ta fito ba balle a kira gayya a nome ta. Mata suka shiga tonon gidan tururuwa suna tsintar ƙwayar da ta tara. Maza suka watse, wasu Kurmi, wasu inda Allah ya nufa. A cikin waɗanda suka tafi akwai Jibo.

Ba ka san Jibo ba, uban Ila ne. Gajere ne, ba shi da magana, a gayya bai taɓa zama na farko a kuyyar noma ba, amma idan kowa ya miƙe yana riƙe ƙugu shi yana nan a sunkuye. Takensa kuwa duk Kurawa ba mai irinsa. Kakanka ya yi wa uban Jibo shi, ya ce sai da ya yi damina guda yana kallon yadda mutumin yake sauke hauya kafin ya samu. Akwai wani wuri a cikinsa da gula take tsayawa cik, kamar mutum ya riƙe numfashi, sannan ta sauko ƙasa-ƙasa. Idan na kai wurin, ko ni da nake bugawa sai tsigar jikina ta tashi.

Ranar da innarka ta ɗauko tukunya ta kife a gabana, na rataya ganga na bi masu jakai zuwa kasuwar Isa. Na yi ta yawo ina bugawa, ba wanda ya dube ni. Mai yunwa ba ya tsayawa sauraro, mai ƙoshi kuma a shekarar nan ɓoye ƙoshinsa yake. Can na iso rumfar wani Alhaji mai hatsi, yana zaune a kan buhuna. Ba za ni faɗi sunansa ba, ba don ina jin nauyinsa ba, tawadata ce ba ta da yawa. Ya kira ni ya ce, "Makaɗi, ka iya yi min take? Irin na manoma nika so, mai nauyi. In ya yi min daɗi ka tahi da gero."

Na dubi hannunsa, bai taɓa riƙe hauya ba. Ba abin da za a kalla a yi masa take da shi, ko da akwai, sabon take ba a yinsa a tsaye a kasuwa. Da na so in wanke kaina da sai in ce maka yunwa ce ta hana ni tunani. Ƙarya ne, na yi tunani sarai. Na ce Jibo yana Kurmi, nan kuma Isa ce ba Kurawa ba, wa zai sani? Na gyara ganga na buga masa taken Jibo, ina kiran sunan Alhaji a kai.

Ina cikin bugawa, Alhaji yana kaɗa kai yana murmushi, sai na ga mutane suna darewa. Hajo ce, matar Jibo. Ashe ta sako tabarmin kaba ta kawo sayarwa. Ta watsar da su a can, ta taho da gudu, mayafi a hannu, mace mai manyan 'ya'ya. Duk shekarar nan ban ga fuska mai farin ciki irin tata ba. Ta iso tana haki, tana leƙa bayana, tana leƙa bayan buhuna.

"Ina shi? Labaran, yaushe yaz zaka? Ina yat tsaya?"

Gula ta tsaya a hannuna. Ta dube ni, ta dubi Alhaji, ta dubi geron da aka auna aka ajiye kusa da ƙafata. Na ga lokacin da ta gane. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da ya fi mini.

"Wanga anka ba ka?"

Na kawar da kai.

"Ashe ba shi da tsada," in ji ta. Ta juya ta koma tsintar tabarminta.

Ka san abin da na yi? Na ɗauki geron. Na kawo gida aka daka, na ci, innarka ta ci, kai ma ka sha kununsa. Ban kai wa Hajo ko tafin hannu ba, domin in na kai na amsa laifi ke nan, ni kuma ban shirya amsawa ba. Kwana shida geron ya yi mana.

Yunwa za ta same ka a can, kada ka yi shakka. Idan ta zo ka yi dako, ka haƙa rami, ka wanke mota, ba abin kunya a ciki. Idan wani mai hali ya ce ka yi masa kiɗa ka yi masa, ka ƙirƙira masa nasa, ko bai yi kyau ba ai shi ma ba zai gane ba. Amma taken mutumin Kurawa kada ka ɗora shi a kan wani, ko mai shi yana Makka, ko yana kabari. Ba naka ba ne da za ka sayar, kuma ba ka san wa ke bayan rumfa yana jira ba.

Kunyar wannan rana ce ta sa na aikata wanda ya fi shi muni. Na dawo na rataye ganga a rufin ɗaki na ce na bari. A lokacin akwai masu faɗa a bakin masallaci cewa kiɗe-kiɗe da wasanni ne suka hana ruwa. Sai na samu wurin fakewa. Na riƙa gyaɗa kai idan ana faɗa, na sayi tasbaha mai tsawo, duk wanda ya tambaye ni ganga sai in ce, "Wa za a yi ma kiɗi? Ganga ba ta cika ma kowa ciki yanzu." Ka ji maganarka ko? Mutane suka ce Labaran ya shiryu. Innarka kaɗai ba ta ruɗu ba. Wata rana ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta ce, "Sannu Malam. Wai tuba ta, ko ɓoyo?" Na yi mata tsawa, ta tashi tana dariyar da ka sani. Fiye da shekara biyu ganga tana rataye, ɓeraye suka cinye fatar, ban ko ɗaga kai na duba ba.

Kada ka lulluɓe tsoro da rigar addini. Allah ya san wanda ya bar abu don Shi, ya kuma san wanda ya bari don kada ya haɗa ido da wata mata a bakin rijiya. Ni na biyun ne. Sallata ba ta ƙaru ba a shekarun nan, zaman bakin masallacin ne kawai ya ƙaru.

Ruwa ya dawo, mutane suka fara dawowa. Jibo bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a Kurmi, can aka rufe shi. Ila babban ɗansa ya dawo da labarin, ya gyara gonar uban, lokacin maimai ya kira gayya. Da na ji ana maganar gayya tubana ya ƙare ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Na samo fatar akuya na rufe ganga, na fita ina taƙama kamar jiya na ajiye.

Ka san al'ada. Gayyar farko bayan mutuwar uba, ɗa yakan tsaya a wurin ubansa, makaɗi ya buga masa taken a gaban jama'a, daga ranar ya zama nasa. Maza suka jera. Ila ya tsaya da hauyar Jibo a hannu, ya waiwayo ya ce, "Baba, ba ni kayan tsohona."

Na ɗaga gula. Bugu biyu na farko suka zo, sai babu. Na yi murmushi na ce fatar sabuwa ce, na sake. Bugu biyu, sai babu. Na rufe ido na ce bari in saki hannun ya bi hanyarsa, ai ya sani. Ya bi hanya, amma ba ta gidan Jibo ba. Taken Na-Allah ya fito, mutumin da suka shekara da shekaru ba sa ga maciji da Jibo a kan iyakar gona, ga shi kuwa tsaye na uku a jere. Na-Allah ya ɗaga hauya sama don sabo, sannan ya gane, ya sauke a hankali yana kallon ƙasa.

Dattawa suka so su cece ni. Wannan ya yi da baki ya ce haka yake, wancan ya ce a'a, haka ne. Kowa ya san ba shi ba ne, ba kuma wanda ya iya kawo shi. Ni abin da ya rage mini wurin tsayawar nan kaɗai, na san akwai shi, amma abin da ke gabansa da abin da ke bayansa sun tafi. Ranar Ila ya yi noma ba take. Da yamma na ce masa za ni yi masa sabo wanda ya fi na da. Ya ce, "In ba na tsoho ba, Baba, bar shi."

Na cire girman kai na je wurin Hajo, don na san in akwai kunnen da ya riƙe shi, nata ne. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce ta yi mini ko da baki ne, sau ɗaya. Ta ci gaba da tsinkar ganyen da take yi, ta ce, "Ka sai da shi. Tahi ka biɗa inda kas sai da." Kuma don ka san wautar ubanka, na tafi ɗin. Na taka har Isa, na sami Alhaji a kan buhunansa, na ce ko ya tuna kiɗan da na yi masa shekarar fari. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Wane kiɗi? Kai wane na?" Hajo ta rasu bayan damina uku, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ka sha tambayata me ya sa a bita muke yin shiru tsakanin gidan Ɗan Tani da gidan Maidabo, ina ce maka haka aka gada. Ƙarya na yi maka. Gidan Jibo ne a wurin. Ba fari ya yi wannan gurbin ba, ba mutuwa ba, ni na yi shi. Ila yau yana da furfura a gemu, yana da 'ya'ya, idan gayya ta iso kansa sai in ɗauke gula in wuce, shi kuma ya sunkuya ya yi nomansa. Bai taɓa yi mini magana mara daɗi ba, har goro yake ba ni. Duk goron da ya ba ni da ƙyar nake haɗiye shi.

Tun daga ranar gayyar nan na koma gindin gawo, kuma ban sake fashi ba sai ranar da muka rufe yayarka. Da ka tasa na ja ka. A shekarun ƙoshi ba wanda ya damu da mu. Yanzu da fari ya dawo, kowa ya samu bakin magana. Ka ji su, na san kuma maganarsu tana cin ka, na ga yadda kake bi ta bayan gari da ganga don kada ka wuce ta majalisa. Wai Labaran ya taɓu. Wai mutane suna kwana da yunwa shi yana kiɗa. Kwanan baya wani da ba za ni ambata ba ya tare ni ya ce, "Ba ka jin kunya? Gari na cikin wanga hali." Na ce masa, "In na aje ganga, tuwo za shi sauko? Na taɓa aje ta shekara biyu, ko yayyahi ban gani ba." Na ƙara masa da cewa takensa na cikin waɗanda nake bugawa kullum, in yana so in cire ya faɗa a gaban mutane. Har yau ina jiransa.

Su faɗa. Ni ban fita don su ba. Tun bara ba wanda ya ba ni ko zangarniya ɗaya a kan kiɗa, ban kuma roƙa ba. Mai saurarona ɗaya ne, Buba Bafulatanin nan da ke kora 'yan shanun da suka rage masa ta gefen gawo, shi ma ba don kiɗan yake tsayawa ba, inuwa yake so. Ya dai taɓa ce mini shi ma da safe yana kiran sunayen shanunsa har da waɗanda suka mutu, don kada bakinsa ya manta. Na dai matsa na ba shi wuri ya zauna.

Kana so ka san me ya sa nake yi ba mai ji, ba mai ba ni? Na farko, take ba ya zama a kai, a hannu yake zama, hannun kuma in an bar shi mantawa yake, ba ya kuma gaya maka ranar da ya manta sai ka tsaya a gaban ɗan mamaci. Na biyu, rabin mazan garin nan suna can inda za ka, suna dako, ana kiransu da "kai" da "aboki". A nan kaɗai, da hantsi, ake faɗar kowannensu da abin da ubansa ya bar masa, ko bai ji ba. Na uku ba shi da wani girma, ina son abin ne kawai. Idan ganga tana kafaɗata ba na jin cikina, ba na jin shekaruna. Na huɗu kuma taurin kai ne, ba za ni ɓoye ba. Fari ya ci geronmu, ya ci awakin innarka, yau ga shi zai ɗauke mini kai. Duk waɗannan da ƙarfi ya ƙwace, ba yadda na iya. Wannan ɗaya ba ya iya ƙwacewa sai in ni na miƙa masa. Na taɓa miƙa masa sau ɗaya, ba zai sake gani ba.

Ƙaramar ganga tana bakin zaure a cikin buhu, da gula biyu. Ban sa ta a kayanka ba, ba na so ka ɗauka don tsorona. In ka ce ta yi maka nauyi a mota, ko mai gidan da za ka sauka ya hana, to cinya tana nan, galan ɗin da aka yar yana nan, murfin tukunya yana nan, ka yi bitar a kansu. Yarbawa abokan wasanmu ne mu Gobirawa, da sun ga tsagen fuskarka za su fara, za su ce ga bawansu ya zo da tsiyarsa. Ka rama, ka ce kai ka zo duba bayinka ne, ka ci gaba da abin da kake yi. Su ma mutanen ganga ne, ba za su ce ka taɓu ba. Idan kuma Allah ya haɗa ka da mutumin Kurawa, ko yana ɗauke da buhu a ka, ka miƙe tsaye ka buga masa nasa, kada ka karɓi komai a hannunsa. Ka riƙe salla a kan lokaci, kada ka zama irin ubanka na wancan zamani.

Saura abu ɗaya, wanda ko innarka ban gaya wa ba. Tun bara, idan mun kai rijiyar tsakiyar gari a bita nakan miƙa maka ganga in ce ƙarasa, ka ɗauka koya maka nake. Ba koyarwa ba ce. Yatsun hannun damana ne ba sa iya riƙe gula fiye da haka, sai su sandare, ta suɓuce. Makon jiya, ranar da ka je Sabon Birni neman mota, na ce bari in gwada rabin yamma ni kaɗai, in fara daga rijiya tun hannun yana da ƙarfi. Take uku sun ƙi zuwa, Auta. Na zauna a gindin gawo na yi kuka kamar ba namiji ba. Daga rijiya zuwa gidan ƙarshe na yamma, duk duniya yau hannunka kaɗai ya san su cikakku.

Ba za ni raka ka ba, in na ga ka hau mota ban san abin da bakina zai faɗa ba. Lokacin da kake karanta wannan ina can na fara daga gabas. Haka za ni yi gobe, haka jibi, har ranar da Allah ya karɓi hannun ko mai hannun. In na kai rijiya za ni tsaya, daga nan naka ne. Ba mai jin nawa da naka tare, ni ma ba ni da hanyar sanin ko ka ɗauka. Duk da haka za ni zauna da ganga a cinya, in jira daidai lokacin da yake ɗaukar ka ka fita ta yamma, sannan in tashi in koma gida.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka a hannun mutanen kirki, ya ba ka halal mai albarka. Ya kare ka a tudu da ruwa, da lafiya da ciwo. Ya jiƙa mana ƙasa, ya dawo da kai da duk 'yan garinmu, kowa ya tarar da nasa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini ƙaryar da na yi maka. Innarka tana sa maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Labaran mai gangar noma,
Kurawa.